Hannun Baba a Cikin Akwati

Ejigbo, watan Yuli

Ƙanwata Ayanronke,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanenmu na Abijan. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Iya da ke tashi idan hadari ya haɗo, amma ba ta hana ta zagaya tsakar gida tana yi wa kowa faɗa ba. Matata Maman Dupe tana gaishe ki. Ta ce garin amalan da ke cikin buhun nan nata ne, daddawar kuma ta Iya ce, kada ki haɗa godiyar wuri ɗaya.

Na rubuto na ba Lasisi direba ne domin a waya kina magana kamar ana korar ki, kafin in nemo biro kin gama. Kuma ke kika ce duk ranar da akwatin kwamfutar nan ya yi gardama in kwafo miki abin da ya rubuta a talabijin. To, ya yi, ga shi nan a bayan takarda.

Kwamfutar nan marar allo da kika haɗa mana lokacin da kika zo arba'in ɗin Baba, kika juye kaset-kaset ɗinsa da bukukuwan gida a ciki, ta yi watanni ba ta ba mu ciwon kai ba. Kowa yana kallon abin da yake so a wayarsa, ni kuma da la'asar in kunna Baba, in rataya gangar dundun in riƙa bin sa. Tun shigowar damina sai na dawo daga makaranta na tarar akwatin ya rubuta cewa ya sami ɓarna a tsarin fayiloli, yana gyarawa. Ya gyara. Bayan 'yan kwanaki ya sake, ya kuma sake. Yanzu rabin bikin Dupe ya ɓace, sai wasu guntaye masu lambobi a wani wurin da ban san da shi ba. Wannan bai dame ni ba, dama angon bai yi kyau a hoton ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne kirarin gidanmu. Kin san a Disamba za a yi addu'ar shekarar Baba, kuma bayan addu'a ɗan gida ne zai kaɗa kirarin, tun daga kakanmu na farko har zuwa kan Baba. Ni ne ɗan. Ni ne kuma wanda ya ajiye ganga ya tafi koyar da labarin ƙasa har furfura ta fito masa. Baba bai taɓa yi mini gori ba. Ya dai zauna gaban rikoda wata rana ya kaɗa shi duka, ya ce saboda ranar da malam zai buƙata. Kaset ɗin tuni ya yi funfuna, abin da ke cikin akwatin nan shi kaɗai ya rage. Na koyi kusan duka, saura ƙarshen, inda yake kiran kansa. Jiya da na kunna, a daidai nan sautin ya riƙa sarƙewa.

Ina jin tsoro, Ronke. Ban faɗa wa kowa ba sai ke.

Yayanki,
Ayandiran

Abijan, watan Yuli

Yaya Diran,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso. Na gode wa Maman Dupe daban, na gode wa Iya daban. Yara lafiya, ƙaramin ya yi zazzaɓi amma ya miƙe. Ga man zafi a shafa wa Iya, ga aceke kuma, abincin rogon nan na Abijan, ku ci kafin ya yi tsami.

Rubutunka na malami ya yi rana, ko ɗigo ba ka bari ba. Ga abin da yake nufi. Faifan da ke cikin akwatin yana da wani ɓangare da ke riƙe bayanin inda kowane fayil yake zaune. Wannan bayanin ne yake rikicewa. Idan akwatin ya yi gyara, guntayen da bai san mai su ba yake tarawa a wurin da ka gani, don haka kada ka goge su. Gyaran da yake yi ba magani ba ne, shara ce bayan ɓarna. Mai yin ɓarnar nake nema. Ko dai wayar da ke haɗa faifan ta saki, ko wuta tana yankewa yana tsakiyar rubutu, ko faifan ne ya gaji.

Za mu bi su ɗaya-ɗaya. Kada ka canza abu biyu a tare, domin ko ya warke ba za mu san abin da ya warkar da shi ba. Akwai sabuwar waya a ƙasan buhun aceke. Kashe akwatin da maɓallinsa, ka jira ya yi shiru, sannan ka sa ta. Bayan kwana biyu ka zare wutar bango ka ga ko batirin da na ajiye masa yana riƙe shi. Sannan ka buga kalmomin da na rubuta a baya, faifan zai faɗi lafiyarsa da kansa, ka kwafo mini.

Duk wanda ya ce zai wanke maka faifan, wato ya goge komai, ka karɓi kayanka ka fito. Kuma ka daina kunna kirarin sai na ce. Na san wannan ne mai wuyar, amma wurin ya yi rauni, kowace kunnawa tana ƙara masa.

Idan ya sake yi, ka ba ni labarin ranar gaba ɗaya, har abin da kake ganin shirme ne. Ka iya dogon labari, yau ya sami amfani.

Ƙanwarka,
Ronke

Ejigbo, watan Agusta

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Iya ta ce man ya fi na asibiti, aceken kuma bai kwana ba.

Kin burge ni, kuma ba na faɗin haka da sauƙi. Mutum yana zaune bayan iyaka huɗu yana juya hannun wani a Ejigbo, kuma kowane dunƙulen waya yana daidai inda kika ce. Na tuna kina ƙarama kina laɓewa a bayan Baba idan yana ɗaure tsirkiyar ganga, ana korar ki ana cewa ba aikin mata ba ne. Haƙurin nasa kika kwashe, mu maza muka tashi da sunan kawai.

Na sa sabuwar wayar. Fiye da mako akwatin bai yi ko tari ba, har na sa aka yanka kaza, na bi ɗakin malamai ina cika baki da ke. A makon nan ne aka yi ta ruwa ba tsayawa, rana ko leƙowa ba ta yi. Ranar da gari ya washe, na dawo daga makaranta na tarar da rubutun nan yana jira na, akwatin kuma da zafi sosai. Na sayo masa ƙaramar fanka, bai hana ba.

Batirin yana riƙe shi, na gwada. Lafiyar faifan kuma ga ta nan na kwafo, ban gane komai a ciki ba.

Ga shirmen da kika nema. Bai taɓa yi ranar Asabar ko Lahadi ba. Ya san ranakun da nake gida, halinsa ɗaya da ɗalibaina. A ranakun aiki kuwa ba mai shiga falon. Maman Dupe tana shagonta tun safe, Iya tana tsakar gida da gangunan Baba, kuma tun ranar farko na kafa doka ba mai taɓa akwatin sai ni.

Wani mai gyara a Oshogbo, da na yi masa bayani, ya ce in kawo ya wanke shi tas ya zuba mini finafinai kyauta. Na yi masa kallon da nake yi wa yaron da ya ce Abijan tana Ghana, na fito.

Dattawan gida sun fara aiko mini cewa idan ba zan iya ba, a ɗauko makaɗin haya daga Oyo. Makaɗin haya, a gidan Baba Ayanleke. Na ce su ba ni lokaci.

Yayanki,
Ayandiran

Abijan, watan Satumba

Yaya,

Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. Ina sauri, Lasisi ya tayar da mota.

Faifan ya ce an sha yanke masa wuta ba sallama. Batirin kuma ka ce yana riƙewa, ke nan ɗaukewar wutar gari ba ta isa gare shi. Saura abu ɗaya: akwai mai taɓa akwatin nan idan ba ka gida.

Ka aiko mini da shi gaba ɗaya a motar nan. Kada ka share masa ko ƙura, yadda yake nake son ganinsa.

Ronke

Ejigbo, watan Satumba

Ayanronke,

Muna lafiya.

Na karanta takardarki, Maman Dupe ma ta karanta, tunda a kan tebur na bar ta. Ta tambaye ni ko ita kike nufi, ko kuwa tsohuwar da ko rediyo ba ta iya kunnawa. Yau kwana biyu tana ajiye mini abinci ba magana. Gidan nan ba ɓarawo, ba kuma wanda zai cuci Baba. Idan abin ya fi ƙarfinki ki faɗa, ba abin kunya ba ne, amma kada ki ɗora wa mutanena.

Ga akwatin nan, ban share shi ba. Farin zanen da yake ciki na Baba ne. Iya ce ta tare ƙofa ta ce ba za a fita da shi tsirara ba, ta naɗe shi da hannunta. Ta kuma ja wa Lasisi kunne cewa idan ya kuskura ya ajiye shi a ƙasa, ko ya ɗora masa buhu, ita da shi ne.

Ayandiran

Ejigbo, watan Oktoba

Ƙanwata Ronke,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Mota ta zo ta koma, ta sake zuwa, ba takarda. Lasisi ya ce ya danƙa miki akwatin hannu da hannu, kika shinshina shi, kika shige ciki. Na ɗauki waya in kira ki ya fi a ƙirga, sai in tuna abin da na rubuta in ajiye.

Na yi miki rashin kunya, ga shi ke ce kike wahala a kan abin da ba dolenki ba. Ki yi haƙuri. Maman Dupe ma ta huce, ta ce bakina ne ya kai maganar inda ba ki kai ta ba.

Idan faifan ya mutu, ki faɗa mini kai tsaye, zan iya ɗauka. Shirun ne ba na iyawa. Dattawa sun ba ni zuwa ƙarshen Nuwamba. Ina ta kaɗa abin da na iya, in na zo ƙarshen sai hannuna ya tsaya a sama.

Iya kullum sai ta tambayi yaushe zai dawo. Ranar Asabar na ga ta shanya gangunan a tabarma, ta bar fili a tsakiyarsu, ta zauna tana kallon wurin. Tsufa ne, ina jin.

Yayanki,
Diran

Abijan, watan Nuwamba

Yaya Diran,

Takardunka biyu sun iso. Ta farkon ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye ba, amma ba ita ta hana ni rubutu ba. Na ƙudura ba zan ce komai ba sai ina da abin da zan tsaya a kansa. Muna lafiya. A gaida Maman Dupe, a ce mata ko a mafarki ban zarge ta ba.

Ban yi gyara a kan faifanka ba. Sabo na saya, na sa aka riƙa kwafe tsohon a cikinsa, wurare masu lafiya da farko, sannan a koma wa masu rauni a hankali. Idan na kasa kunne na ji yana ƙwanƙwasa, sai in tsayar ya huta. Wannan ne ya ci makonni. A kan kwafin na yi gyara, na bi guntayen nan masu lambobi ina saurare, ina mayar da kowanne gidansa. Bikin Dupe ya dawo. Angon yana nan yadda ka san shi.

Kirarin ma ya dawo, sai ɗan wuri kaɗan a ƙarshe, tsawon numfashi biyu ko uku. Nan faifan ya kurje, babu abin da zan iya. Na yi kuka a kan wurin nan, sannan na haƙura.

Yanzu mai taɓawa. Da na buɗe zanen, man kaɗanya na fara ji. Igiyar wutar akwatin tana sheƙi, ta yi laushi, an daɗe ana shafa mata. Gefe ɗaya na akwatin ya koɗe. A fankarsa akwai zaren farin zane da jan yashin tsakar gidanku. Yaya, wannan ba hannun maƙiyi ba ne. Wa yake shafa wa tsirkiyar gangunan Baba mai? Wa yake fitar da su rana idan sun sha sanyin damina? Kai da kanka ka rubuto mini filin da Iya ta bari a tabarma.

Tana zare igiyar daga bayan akwatin, inda batirin ba zai taimaka ba, ta ɗauke shi faifan bai gama juyawa ba, ta mayar da shi da zafinsa kafin ka dawo. Asabar da Lahadi kuma tana tsoron dokarka.

Kada ka yi mata faɗa. Na daɗe ina wannan aikin, ban taɓa ganin na'urar da aka kula da ita haka ba, ko da kulawar ce ta kusa kashe ta.

Na sa sabon faifai a akwatin, na ajiye wani kwafin a wurina. Tsohon kuma na kai wa wani baduku a kasuwar Ajame ya ɗinka masa jakar fata da maratayi. Ka ba ta shi, ka faɗa mata gaskiyar abin da yake. Wannan ta shanya shi yadda take so.

Wurin da ya ɓace, ka tambaye ta. Ta fi rikodar daɗewa tana jin sa.

Ƙanwarka,
Ronke

Ejigbo, watan Disamba

Ƙanwata, 'yar gidan Ayan,

Gaisuwa da godiya. An yi addu'a lafiya, baƙi sun watse, gidan ya koma namu. Gwiwar Iya ta kumbura saboda tsayuwa, ta ce ba ruwan kowa.

Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Ina cikin gidan, da idona biyu da takardun shaidata, ban ga komai ba. Ke kika gani da hanci. Baba yana cewa makaɗin kirki yana sanin wanda ya taɓa gangarsa a bayansa, na ɗauka cika baki ne irin na tsofaffi.

Na sami Iya a tsakar gida tana tsince wake. Na ce, "Iya, ke kike fitar da akwatin Baba rana?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "To wa zai fitar? Kai da kake barin sa a ɗaki mai sanyi damina guda? 'Yan uwansa suna shan rana shi yana ciki?"

Na ce, "Ai ba ganga ba ce, Iya."

Ta ce, "Malam, me ke fitowa daga cikinsa, kukan akuya? Na ji muryarsa ta fara dishewa. Ganga in ta dishe me ake yi mata? Sai na ƙara masa rana."

Na durƙusa na yi mata bayani a hankali, yadda kika yi mini. Ta ajiye tiren waken. Sannan ta ce, "Ashe ni na cinye masa baki." Ban taɓa jin muryar Iya ta yi ƙasa haka ba, ko ranar da aka fita da Baba. Na miƙa mata jakar. Ta juya ta, ta ja maratayin ta ga ƙarfinsa, ta ce, "Wannan ne ya fara jin hannunsa?" Na ce shi ne, na cikin akwatin a wurinsa ya koya. Ta ce, "To almajirin ya zauna a ɗaki, uban ya dawo cikin 'yan uwansa." Ta tashi ta rataye shi tsakanin dundun da ƙaramar gangar.

Da la'asar na kunna mata kirarin. Hannun Baba ya fito tas, har ya zo wurin nan ya yi ɗif, sannan ya ci gaba. Na ce ko za ta iya rera mini abin da ke wurin. Ta ce ita ba maroƙiya ba ce. Sai ta ce, "Juyo mini bayanka."

Na juya, ni da furfurata. Ta sa tafin hannu tsakanin kafaɗuna ta fara bugawa. Ronke, kafin ta kai rabi hannuna ya riga ta a kan gangar. Na san shi, abin da gangar take cewa ke nan: Ayanleke ne ya iso, ku buɗe ƙofa, bai zo shi kaɗai ba. Na juyo ina kallonta, ta ce, "Me kake kallo? Da shi nake lallashin ka a goye. Ubanka yana kaɗawa a waje, ni ina bin sa a bayanka. Mugun kuka gare ka, in ba wannan ba ba ka shiru."

Ranar taro dattawan suna gaba, sun harɗe hannu suna jira. Na bi kakanni ɗaya bayan ɗaya ban yi tuntuɓe ba. Da na doso wurin Baba sai gumi ya cika mini hannu, sandar kiɗan ta fara zamewa, na ji zan tsaya inda na saba tsayawa. Sai na ji tafin hannu a bayana. Ta ratso cikin maza da gwiwar nan tata, ba wanda ya iya hana ta. Ba ta buga ba, ta dai ajiye hannun a wurin. Na kaɗa shi har ƙarshe.

Na sa jikan maƙwabcinmu ya ɗauka a waya, na zuba a akwatin, kwafinki kuma yana hannun Lasisi. Kin koya mini, ba na sake ajiye abu a wuri ɗaya. Idan kin saurara za ki ji inda na yi rauni, na san kunnenki, kada ki rage mini komai.

Akwatin bai sake yin ko tari ba. Iya ta ce in faɗa miki badukunki ya iya ɗinki amma ya yi rowar mai, ta ƙara wa fatar. Yanzu haka da nake rubutun nan jakar tana kan tabarma a tsakar gida, a filin nan na tsakiya, tana shan rana.

Yayanki,
Ayandiran